Kilomita Shida na Laka

Daga Auta zuwa ga yayanta

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara, da tayoyin da kake wuni a cikinsu. Mu nan mun gode Allah. Baba da sauƙi. Yana zaune kusa da ni yanzu haka, ya ce in gaishe ka, in kuma karanta masa abin da na rubuta kafin in liƙe ambulan. Sau biyu yake sa ni karantawa, in na tsallake layi sai ya gane. Don haka ka san a gaban wa nake rubutu.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Mai Tirela zai taso jibi, shi zai kawo maka.

Maganar mota ce. Tun da likita ya ɗora Baba a kan wankin ƙoda, Litinin da Alhamis ba mu da fashi. In aka tsallake ɗaya, ƙafafunsa su kumbura, numfashi ya yi masa wuya. A-kori-kurar nan tasa ita ce ƙafarmu, ni ce direba, ni ce mai jinya. Tayoyinta huɗu sun suɗe, sun yi santsi kamar tafin hannu. Mai faci na bakin kwalta ya ce kar in ƙara kai masa ta baya ta hagu, babu sauran wurin da zai manna faci.

Damina saura wata guda. Tayoyin laka nake so, masu manyan haƙoran nan. Tun bara tifofin yashi suka fara bin hanyarmu, sun kashe kwarin da ke bayan gonar mangwaro. Na so in saya a gari in huta, Baba ya ce sam, ɗansa ya shekara goma sha ɗaya a babban shagon taya, ba zai sa tayar bare a motarsa mutane su yi masa dariya ba. Shi ya sa na zo ƙofarka. Lambar da ke jikin tayar na kwafe ta a bayan takardar nan, harafi bayan harafi, kar ka ce ban iya ba.

Ƙanwarka, Auta.

Daga Yaya

Auta sarauniyar rigima, wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Asabar, duk ta sha man inji a aljihun Mai Tirela. Muna lafiya, yara suna gaida kakansu, ƙaramar ta fara tafiya. Na yi murna da jin Baba da sauƙi. Ki ce masa gaskiyarsa ce, ina raye ba za a sa tayar bare a motarsa ba.

Amma ke ki saurara. Taya ba takalmi ba ce da za ki hango a kasuwa ki ce ya burge ki. Iri uku ce. Akwai ta kwalta, mai ƙananan zane, ba ta ƙara, ba ta shan mai. Akwai ta laka, wadda ta ja miki ido. Sai ta tsaka-tsaki, mai taɓa nan ta taɓa can. Ta laka in ta hau kwalta gurnani za ta yi miki tun daga gida har asibiti, sitiyari yana karkarwa a hannunki, kuma in an yi ruwa kika taka birki sai ta ƙara gaba kafin ta tsaya. Kafin ki ankara kwalta ta cinye haƙoran. Kullum ina ganin masu irin ra'ayinki suna dawowa shago suna cizon yatsa.

A nan duk wanda ya shigo, kafin mu nuna masa ko taya ɗaya, tambaya guda muke yi masa, har maigidanmu ya sa an rubuta ta a allo a bayan kanta: a tafiyarka, nawa ne kwalta, nawa ne ƙasa? Ke ma ita nake yi miki. Ranar Litinin ki duba mitar mota, ki auna daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta, sannan daga nan zuwa asibiti. Lamba nake so, ba labari ba.

Kwarin bayan gonar mangwaro kuwa na san shi tun ba a haife ki ba. Da keke nake ratsa shi zuwa makaranta, rani da damina.

Yayanki.

Daga Auta

Yaya, bayan gaisuwa. Allah ya raya mai sabuwar tafiya. Baba da sauƙi, jiya ya ci abinci sosai, har ya fita ya zagaya motarsa yana taɓa ta.

Ga lambarka. Daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta kilomita shida. Daga nan zuwa ƙofar asibiti sittin da takwas.

Yanzu ga labarin da ka ce ba ka so. Sittin da takwas ɗin nan ba su taɓa hana ni isa asibiti ba. Shidan ne abin tsoro, a cikin shidan ma taku ɗari biyu ne kacal, wato kwarin. Kwarin da ka sani mai tsakuwa ne, Yaya. Tsakuwar ta tafi. Tifofi sun haƙa ramuka biyu dogaye, in na tsaya a ciki sai su kai mini gwiwa, ƙasar wurin kuma jar yumɓu ce mai kama ƙafa. Bara in an yi ruwa sai in zauna a gida in jira rana ta fito, don lokacin babu inda ake jiran mu. Bana injin asibiti ba ya jiran rana. Ƙarfe tara aka ba mu, in ta wuce wani ne zai hau gadon.

Ƙarar taya ba ta dame ni ba. Karkarwar sitiyari ma hannuna zai ɗauka, hannun da yake ɗaga Baba daga tabarma zuwa kujera. Ka aiko da masu haƙoran.

Na ce wa Baba mu koma gidan Gwaggo a gari har damina ta wuce, tunda daga can asibiti minti goma ne. Ya ce mu ga abin da za ka aiko tukuna. Yanzu ma da na karanta masa wannan wurin ya ce in goge, wai ina kai ƙararsa. Ban goge ba.

Jiya da yamma an yi hadari, bai zuba ba.

Auta.

Daga Yaya

Auta, ina gaisuwa. Ki gaida Baba, ki ce masa na ji daɗin labarin cin abincin nan ƙwarai.

Wannan takardar ba ita kaɗai ta zo ba. Ki leƙa bayan tirela, tayoyi huɗu ne sababbi fil, da ta biyar safaya. Na tsaka-tsaki ne, mafi kyau a shagonmu, da hannuna na zaɓo su.

Na san za ki ɓata rai, to ki yi lissafi da kanki. Shida a cikin saba'in da huɗu. Ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Na nuna wa maigidanmu lambar, ya yi dariya, ya ce wannan ai ko tayar kwalta ta ishe ta, ni ne ma na ƙara miki da ta tsaka-tsaki saboda kwarin da kike ta kuka da shi. Ki tuna marar lafiya kike ɗauka. Awa ɗaya da rabi yana jin gurnani a ƙarƙashinsa, ya isa asibiti kansa na sarawa, ya fito a gajiye a sake yi masa wani. Ga manyan motoci a kan kwaltar nan, ga ruwa, ina so in kin taka birki motar ta tsaya. Ba zan sa ubana a kan tayar da na san halinta ba saboda taku ɗari biyu.

In kin zo kwarin ki sa giyar ƙafa huɗu tun daga nesa, ki shiga a hankali, kar ki tsaya a tsakiya. In ya yi caɓi da yawa ki rage iska kaɗan. Shi ke nan, ba wani abu ba ne.

Zancen gidan Gwaggo ku ku san yadda za ku yi, amma ni ban ga abin da zai fitar da tsoho daga ɗakinsa ba.

Yayanki mai ƙaunarki.

Daga Auta, takarda ta farko

Yaya, assalamu alaikum. Tayoyi sun iso lafiya, mai faci ya ɗaura su. Baba da sauƙi, ya ce Allah ya yi maka albarka. Ya sa an fito masa da kujera kusa da motar, duk maƙwabcin da ya zo wucewa sai ya kira shi ya zo ya ga abin da ɗansa ya aiko. Ruwa ya sauka sosai. Muna gaida yara.

Takarda ta biyu

Wannan Baba bai san da ita ba. A cikin mota nake rubuta ta, a harabar asibiti, yana ciki an jona masa injin.

Mako uku na farko tayoyinka sun yi abin da ka ce. Shiru a kwalta, Baba har barci yake yi. Na kusa rubuto maka in ba ka haƙuri.

Ranar Laraba ta makon jiya aka wuni ana ruwa. Alhamis ƙarfe bakwai na safe muka isa kwarin. Na sa giyar tun daga nesa, na shiga a hankali, ban tsaya ba, duk yadda ka koya mini. A tsakiya yumɓu ya cike zanen tayoyin tsaf, suka zama kamar faranti huɗu, suna juyawa a wuri ɗaya. Na rage iska. Na sa katako, na karyo rassan mangwaro na cusa, na yi ta haƙa da shebur har azahar, laka har ƙuguna. Na kira ka, ka ce kana tare da mai saye, in rage iska, ka kashe.

Baba yana kujerar gaba yana kallona ta taga, numfashinsa yana fita da ƙyar. Da na zo in ba shi ruwa sai ya ce, "Auta, ba laifin tayar ba ne. Yayanki ya san aikinsa. Ke ce ba ki iya shiga ba."

Shekara biyu ina wanke shi, ina juya shi, ina ɗaukar sa a baya. Kai ka aiko da roba biyar daga nesa, kai ne ka san aiki. Na koma na ci gaba da haƙa, amma na ji zafin maganar nan har cikin raina, kuma ina so ka san na ji.

Sai da la'asar mai tarakta ya zo ya ja mu baya, muka koma gida. Wankin ranar ya wuce. Daga Alhamis zuwa yau Litinin a zaune ya yi barci, don in ya kwanta ba ya iya numfashi. Yau mun fito ne kawai don rana ta yi kwana biyu tana dukan kwarin. Likita ya kalli ƙafafunsa ya kalle ni, ya ce kar a sake.

Na roƙi Baba mu zauna gidan Gwaggo daga yau, kar ma mu koma. Ya ce ɗansa ya aiko da sababbin tayoyi, gari duk ya gani, in ya tafi ya raɓe a ɗakin ƙanwarsa me mutane za su ce ka aiko? Ka ga yanzu tayoyinka ba su iya fitar da shi, kuma sun hana shi ƙaura.

Abu biyu nake so. Ka aiko da na laka. Sannan ka rubuto masa da hannunka cewa ka yi kuskure, ya koma gari. Maganarka kaɗai yake ji.

Auta.

Daga Yaya

Auta, ina fata kuna lafiya. Mako uku ke nan Mai Tirela bai leƙo ba, ban ga takardarki ba, shi ya sa na ba wani direba wannan. Na ce da akwai matsala da kin nemi hanyar sanar da ni, shirun naki na ɗauke shi alheri.

Yaya tayoyi? Na tabbata yanzu kin gane abin da nake nufi, girman kai ne ya hana ki faɗa. Ranar da kika kira layin yana yankewa, na dai ji kamar kin ce kin maƙale. Kar ki damu, kowane direba yana maƙalewa sau ɗaya kafin hannunsa ya faɗa da sabuwar taya. Ki tuna ki mayar da iskar in kin hau kwalta.

Ki ce wa Baba na samo masa matashin kujera mai laushi, zan taho da shi in damina ta wuce. Yanzu kasuwarmu ce, ko zama ba ma yi.

Yayanki.

Daga Yaya

Auta, yau Mai Tirela ya shigo. Giyar motarsa ce ta lalace, ya yi kwana ashirin da huɗu a gareji da takardarki a aljihunsa. Na karanta ta farko na yi murmushi. Ta biyun a ɗakin ajiya na karanta ta, a tsaye, sannan na zauna a kan taya na sake karantawa.

Me ya sa kowace takarda kike buɗe ta da Baba da sauƙi? Ni da na ga wannan layin sai hankalina ya kwanta, sauran in karanta shi kamar mitar da kika saba yi tun kina yarinya. Na koma na duba takardunki na baya, duk kin faɗa, tifofin, ramukan, ƙarfe tara. Ni ne na ɗauki lambar na bar maganar.

Na ɗora na laka guda biyar a motar haya yau ɗin nan, za a sauke su wurin mai faci. Ga takardar Baba a ciki, na ce masa na yi kuskure, ya koma gidan Gwaggo. Tun safe nake kiran wayarki ba ta shiga. Na nemi hutu, maigida ya ce sai ƙarshen wata. Ki kira ni don Allah.

Yayanki.

Daga Auta

Yaya, assalamu alaikum. Ya haƙuri. Ka ji a waya daga bakin Gwaggo, amma ita ba ta ga yadda aka yi ba, kuma ni a waya ba zan iya ba.

Kwana shida aka yi ana ruwa. Alhamis muka je bakin kwarin muka juyo. Litinin ma haka. Mai tarakta shi ma tasa ta nutse a ramin yashi. Ranar Talata da safe Baba bai iya haɗa kalma uku ba tare da ya tsaya ya nemi iska ba. Na cire ƙyauren ɗakin ajiya, maƙwabta huɗu suka ɗora shi a kai, suka ratsa kwarin da shi a kafaɗa, ina gefe ina riƙe masa laima. Mutanen da ya kira su zo su ga tayoyinka, su ne suka ɗauke shi. Muka samu motar haya a bakin kwalta. Likita ya ce ruwa ya cika masa ƙirji. An jona injin, amma zuciyar ta gaji. Laraba da azahar ya cika.

A cikin motar hayar ya kamo hannuna, na sunkuya na ɗauka ruwa yake so. Ya ce, "Kar ki gaya wa yayanki tayar ta maƙale. Zai ji kunya a wurin aiki." Bai san na riga na gaya maka ba. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga gare shi wadda ta cika.

Ka tambayi me ya sa nake rubuta da sauƙi. Yana zaune a gabana yana saurare, Yaya, me kake so in rubuta? Kuma kai ma da haka aka raine ka, ka san ba a buɗe takarda da cewa tsoho yana mutuwa. Ka san ma'anarsa, ka dai zaɓi wadda za ta bar ka ka yi barci. Ba zan ce kai ka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Ni ma ina da nawa, da na ɗauke shi da ƙarfi na kai shi gidan Gwaggo ya yi ta fushi da ni yana raye. Amma ina jin haushinka, kuma ban san ranar da zai wuce ba.

Tayoyin sun iso ranar Juma'a, da takardar da ka rubuto masa. Tana nan a kan tagarsa ban buɗe ba. Ranar Asabar rana ta fito, na lallaɓa na fita, mai faci ya ɗaura su. Tsofaffin naka biyar suna jingine a bangonsa, ko zanensu bai taɓu ba.

Jiya Lahadi aka sake wuni ana ruwa. Yau Litinin na tashi ƙarfe shida kamar kullum, na ga ni tsaye da makulli a hannu babu wanda zan ɗauka. Sai na ce bari in mayar wa asibiti keken marasa lafiyan da suka ara mana. Kwarin ya fi na ranar Alhamis ɗin can muni. Na sa giyar, na shiga. Tayoyin suka riƙa kamawa suna watso yumɓun sama har kan gilashi, motar ko tangaɗi ba ta yi ba. Na duba agogo da na fita, ko minti ɗaya ban yi ba. Na tsaya a ƙarƙashin mangwaron nan da na karya wa rassa, na yi kukan da ban yi ranar Laraba ba.

A kwalta kuwa ka yi gaskiya, suna da ƙara. Sitiyari yana karkarwa, birki yana ƙara gaba, duk yadda ka faɗa. Kilomita sittin da takwas suna gurnani, ina ta juyawa in tambayi Baba ko kansa yana ciwo.

In hutun naka ya zo, ka sauka a bakin kwalta ka jira ni wurin mai faci. Ko ana ruwa zan fito in ɗauke ka. Matashin kujerar ka bar wa yara.

Wannan takardar ban karanta wa kowa ba kafin in liƙe.

Ƙanwarka, Auta.